An yi sulhu a bakin titi bayan haɗari: shin har yanzu sai an sanar da 'yan sanda da kamfanin inshora?

Wani bawan Allah mazaunin Tudun Wada a nan Zariya ya aiko da tambaya, ga taƙaitaccen abin da ya faɗa. Da yammacin wata Laraba motarsa ta gogi Keke Napep a kusa da gadar Kwangila, wata fasinja ta ji rauni a ƙafa, gefen keken ya lotsa, shi kuma bambar motarsa da fitila ɗaya suka fashe. Jama'a suka taru, wasu dattawa suka shiga tsakani suka ce kada a kai magana gaban hukuma. Ya ɗauki matar zuwa asibiti, ya biya kuɗin magani, ya kuma yi alkawarin gyara keken. Bayan kwana uku sai ainihin mai keken, wanda ba shi ne ke tuƙi a ranar ba, ya zo da lissafin gyara mai nauyi haɗe da kuɗin kwanakin da keken bai fita aiki ba, dangin matar kuma suka ce hoton ƙashi ya nuna akwai karaya. Yana da inshorar nan ta Naira 15,000. Yana so ya san ko ya makara, ko zuwa wurin 'yan sanda zai jawo a tsare shi, da kuma ko kamfanin inshora zai biya wani abu.

Malam, da farko Allah ya kiyaye gaba, ya ba baiwar Allahn nan lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen da ke duba buƙatun biyan asarar haɗurran mota, kuma irin wannan magana taka ta sha zuwa gabana. Amsata a taƙaice ita ce ba ka makara ba, amma kowace ranar da ta ƙara wucewa tana rage maka hujja, saboda haka ka je ofishin 'yan sanda yau, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce kafin rana ta faɗi. Abin da ka yi na kai matar asibiti shi ne mafi muhimmanci cikin duk abin da ake bukata daga direba, kuma zai tsaya maka a ko'ina aka je. Abin da ya rage shi ne rubutu, domin a halin da kake ciki yanzu babu wata takarda a duniya da ta nuna cewa haɗarin ya auku, ko yadda ya auku, ko abin da aka amince a kai.

Ba na cikin masu raina sulhu. Dattawan da suka shiga tsakani sun yi abin da al'adarmu da addininmu suka yaba, kuma sau da dama su ne ke hana fushin jama'a ya koma duka ko ƙona mota. Illar sulhun bakin titi ita ce ana yin sa ne kafin a san girman ɓarnar. A lokacin da ake cewa "a yi haƙuri, tsautsayi ne," babu wanda ya ga hoton ƙashi, babu bakaniken da ya duba ko ƙarfen gindin keken ya karkace, kuma sau da yawa wanda ya ce ya yafe yaron da aka ba tuƙi ne, mai dukiyar yana gida bai san abin da ake ciki ba. Idan gaskiyar ɓarnar ta bayyana bayan kwana biyu ko uku, sai kowa ya tuna maganar yadda ta fi masa daɗi, dattawan kuma sun watse, wataƙila ma ba ka san gidan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kai rahoto ba ya rushe sulhu. 'Yan sanda da kansu sukan bar mutane su daidaita a haɗarin da ba a rasa rai ba, sai dai a nan daidaitawar tana zama a rubuce, da shaidu, a cikin fayil ɗin da za a iya komawa gare shi.

Ta fuskar doka kuwa, haɗarin da mutum ya ji rauni a cikinsa ba abin da direba ke da zaɓin ɓoyewa ba ne. Rashin kai rahoton haɗari yana cikin jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ke cin tara a kansu, kuma abin da ya dace shi ne a kai shi kafin awa 24 ta cika. Kai ka wuce wannan, amma akwai bambanci babba tsakanin direban da ya kai kansa bayan kwana uku riƙe da rasit ɗin asibiti, da direban da dangin majinyaciya suka kai ƙararsa bayan mako biyu aka je aka ɗauko shi daga gida. Na farko ana kallonsa a matsayin wanda ya yi jinkiri bisa shawarar sulhu, na biyu kuwa yana iya samun kansa yana kare zargin cewa ya buge mutum ya ɓoye.

Ka je ofishin 'yan sandan da wurin haɗarin ke ƙarƙashinsa, ba wanda ya fi kusa da gidanka ba. Idan ba ka tabbatar da wanne ba ne, kowane ofishi ka shiga za su faɗa maka. A can ka nemi sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa, wanda direbobi suka fi sani da MTD. Ka tafi da motar yadda take, kada ka fara kai ta wurin mai gyaran jiki, ka kuma riƙe lasisin tuƙinka, takardun mota, takardar shaidar lafiyar mota, takardar inshora, da duk rasit ɗin da aka ba ka a asibiti ko kantin magani. Yana da kyau ka tafi da wani babba daga danginka ko abokin aikinka wanda zai iya tsaya maka idan an bukaci mai beli, idan kuma direban keken zai yarda ku tafi tare, hakan ya fi komai sauƙaƙa aikin. Za a shigar da rahoton a littafin ofis, a ba wani jami'i binciken, shi ne zai ɗauki bayaninka da na ɗaya direban, ya je wurin da abin ya faru ya auna titi ya zana yadda motocin suka haɗu, ya ziyarci majinyaciya, sannan a kira jami'in duba lafiyar motoci, wato VIO, ya gwada birki da sitiyari da fitilu da tayoyi ya rubuta nasa rahoton. Saboda wannan binciken ne ake riƙe mota a ofis na ɗan lokaci, kuma da zarar an gama kana da damar neman a sake maka ita bisa sharaɗin za ka kawo ta idan an nema. Ka rubuta sunan jami'in da lambar wayarsa da ranar da aka shigar da rahoton, domin kamfanin inshora zai tambaye ka su.

Zan ɗan tsaya a kan bayanin da za ka rubuta, saboda a nan ne mutanen kirki suka fi cutar da kansu. Bahaushe idan abu ya faru yakan ce "laifina ne, a yi haƙuri" don ya kwantar da hankalin wanda ya fusata, ko da shi kansa bai san wanda ya shiga hannun wani ba. A bakin titi wannan ladabi ne, amma idan ya shiga takarda ya zama amsa laifi, kuma baki shi ke yanka wuya. Ba ina ce maka ka yi ƙarya ba, ƙarya a wannan wuri haramun ce kuma takan tonu da zarar an haɗa bayaninka da zanen titi da rahoton VIO. Abin da nake nufi shi ne ka faɗi abin da ka gani da abin da ka yi kawai: daga ina ka fito, ina ka nufa, a wane hannu kake, da misalin wane gudu, daga wane ɓangare keken ya ɓullo, yaushe ka taka birki, wane sashe na motarka ya taɓa wane sashe na keken, da abin da ka yi bayan nan. Yanke hukuncin wanda ke da laifi aikin mai bincike ne da kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta ba ka damar yin bayani a gaban lauyanka idan kana so, ta kuma tanadi a samo maka tafinta idan ba ka jin Turanci. Idan jami'i ne ya rubuta maka, ka sa a karanta maka layi bayan layi, a gyara duk inda bai dace da abin da ka faɗa ba, sannan ka sa hannu. Haka nan zanen titi, kada ka sa masa hannu sai ka duba inda aka nuna motarka da inda aka nuna keken.

Game da tsoron tsarewa, gaskiya ita ce ana iya riƙe direba na ɗan lokaci idan raunin mai tsanani ne ko an rasa rai, wani lokaci ma don kare shi daga fushin dangi. A haɗari irin naka, inda majinyaciya ke samun kulawa kuma kai ne ka kai ta, abin da aka saba shi ne a ɗauki bayani a ba da beli a ranar. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma doka ta hana a kama wani ɗan'uwanka a madadinka. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, kamar na fitar da rahoto, ka nemi rasit. Idan ka ga ana neman wuce gona da iri ka nemi ganin DPO cikin ladabi, bayan shi kuma rundunar tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a.

Tun da kwana uku sun wuce, alamun da ke kan titi sun tafi: tarkacen gilashi an share, sawun birki ya goge. Amma akwai sauran abin da za ka iya tsamowa. A wuri irin Kwangila akwai mutanen da kullum suna nan, mai shayi, mai facin taya, masu sayar da rake da lemo, 'yan kamasho masu lodin motocin Funtuwa da Kano, kuma da wuya a ce babu wanda ya ga abin da idonsa. Ka koma da yamma daidai lokacin da abin ya faru, ka gaishe su, ka nemi mutum biyu da za su yarda su faɗi abin da suka gani, ka karɓi lambobinsu. Ka tambaya ko wani ya ɗauki hoto ko bidiyo da waya, domin a zamanin nan da wuya taro ya watse ba a ɗauka ba. Ka ɗauki hoton motarka ta kowane gefe yadda lambarta za ta fito, ka ɗauki na keken kafin a taɓa shi, da lambarsa da lambar ƙungiyar da ke jikinsa, ka kuma ɗauki wurin da kansa daga nesa yadda za a ga faɗin titin da mahaɗar. Idan jami'an FRSC ko na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, sun zo wurin a ranar, ka faɗa wa mai bincike, domin wataƙila sun rubuta wani abu a nasu littafin.

Yanzu sai maganar inshora, kuma kafin komai ka tabbatar takardar da ke hannunka ta gaske ce. Wannan ita ce matsalar da ta fi ba ni takaici a wannan aiki: mutum ya ba wani ɗan tsakani kuɗi ya sabunta masa takardun mota gaba ɗaya, a haɗo masa da takarda mai tambari da sunan kamfani, ya yi shekaru yana nuna ta a shingen bincike, sai ranar da ya bukace ta a gano babu kamfanin da ya san da ita. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya. Za ka iya dubawa a shafin askniid.org ko ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motarka. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewar inshorar suka fito, kuma ranar haɗarin tana cikin wa'adin, to kana da abin dogaro. Idan ba su fito ba, ka kira kamfanin da sunansa ke kan takardar kai tsaye ka ba su lambarta, domin wani lokaci jinkirin shigarwa ne kawai. Idan suka ce ba tasu ba ce, nauyin biya ya dawo kanka, kuma gara ka san haka kafin ka zauna teburin sulhu.

Inshorar Naira 15,000 ita ce wadda ake rubuta Third Party a kanta, ita ce kuma doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke kan titi. Wajabcin ya samo asali ne daga wata doka ta 1945, dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa shi, sannan a watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta haɗe waɗannan tsofaffin dokoki wuri ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2023 ne hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na Keke Napep Naira 5,000 ne da iyakar miliyan 2, na babur kuma Naira 3,000 da iyakar miliyan 1. Tun daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken wannan takarda a kan tituna, abin da ya sa mutane da yawa suke ɗaukar ta a matsayin wani haraji da ake biya don a wuce shinge. Wannan fahimta ce ta sa mutane ke sayar da fili ko su ci bashi don biyan abin da tuni suka sayi kariya a kansa.

Abin da wannan inshora ke ɗauka shi ne haƙƙin da wasu ke bin ka saboda ɓarnar da motarka ta yi musu. A maganarka, wannan ya haɗa da gyaran keken, har zuwa iyakar miliyan 3, da kuma jinyar fasinjar da abin da ya biyo bayan rauninta, wanda shi ba ya cikin waccan iyaka ta dukiya. Ba za ta gyara maka bambarka da fitilarka ba. Wannan sai babbar inshora mai ɗaukar har da motar mai ita, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Idan kuma bincike ya nuna direban keken ne ya shigo maka, to kai ne ke da damar neman gyaran motarka daga inshorar keken, shi ya sa yake da muhimmanci ka nemi ganin takardarsa ka ɗauki hotonta. Akwai kuma abubuwan da ke ba kamfani hujjar ja da baya, kuma gara ka duba kanka a kansu tun yanzu: idan wanda ke tuƙi ba shi da lasisi mai aiki, idan yana cikin maye, ko idan motar an yi mata inshorar gida amma ana ɗaukar fasinja da ita don kuɗi, kamar yadda wasu ma'aikata ke yi tsakanin Zariya da Kaduna don rage kuɗin mai.

Sanar da kamfani ba ya jiran rahoton 'yan sanda. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana da sharaɗin a sanar da kamfani nan take, wasu kuma sukan ƙayyade adadin kwanaki, saboda haka ka karanta taka. Ka kira lambar da ke kan takardar, amma kada ka tsaya a kan kira, ka bi shi da saƙon imel ko wasiƙa mai kwanan wata wadda za a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinta. Layi biyar sun isa: sunanka, lambar inshora, lambar mota, rana da lokaci da wurin haɗarin, cewa mutum ɗaya ya ji rauni kuma keke ya lalace, da sunan ofishin 'yan sandan da ka kai rahoto. Idan ta hannun dillalin inshora mai rajista ka saya, ka sanar da shi shi ma, domin bin irin wannan magana yana cikin aikinsa. Yawancin kamfanonin ofisoshinsu na wannan yanki suna Kaduna ko Kano, amma yanzu akasarin aikin ana yin sa ta waya da intanet.

Akwai sharaɗi na biyu da ya shafe ka kai tsaye, wato cewa mai inshora ba zai amsa laifi, ko ya yi alkawarin biya, ko ya sasanta da kowa ba sai da yardar kamfani a rubuce. Dalilinsa a fili yake: wanda zai fitar da kuɗin yana so ya ga ɓarnar da idonsa kafin a yanke adadi. Kai ka riga ka biya kuɗin asibiti ka kuma yi alkawarin gyara. Kada ka ɓoye wannan, ka faɗa musu yadda aka yi, ka nuna cewa kuɗin asibiti taimakon gaggawa ne ga mai rauni, alkawarin kuma an yi shi ne a tsakiyar taro don a kwantar da tarzoma. A abin da na gani, kamfani mai mutunci ba ya riƙe wa mutum kai majinyaci asibiti a matsayin laifi. Abin da ke ɓata magana shi ne mutum ya biya kuɗin gyara gaba ɗaya, a gyara keken a yi masa fenti, sannan ya zo da rasit ɗin da aka rubuta da hannu yana neman a mayar masa. A lokacin babu abin da injiniyan kamfani zai duba. Saboda haka daga yau kada ka ƙara sa hannu a kan wani adadi. Jinyar matar kuwa kada ta tsaya saboda jiran kamfani, ka ci gaba da taimakawa gwargwadon ikonka, ta hanyar tura kuɗi ta banki ko biya a asibiti kai tsaye, kana adana kowane rasit.

Kamfanin zai ba ka fom ka cike, ya nemi kwafin lasisi da takardun mota da takardar inshora, da bayaninka a rubuce, da hotuna, da kiyasin kuɗin gyara daga bakanike, da wasiƙar da mai keken ya rubuto yana neman a biya shi. Ta ɓangaren matar za a nemi rahoton likita daga asibitin da ke jinyarta, ko na Shika ne ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wani, da rasit na magani da na hoto da na aiki idan an yi. A nan zan ja hankalinka kan wani abu da na san yana faruwa a gidajenmu: idan aka ji karaya, dangi sukan ɗauke majinyaci daga asibiti su kai shi wurin mai ɗori. Wannan zaɓinsu ne, amma ka roƙe su kafin su yi haka su karɓi rahoton likita da hoton ƙashin, domin kamfani ba shi da hanyar tantance rauni ko kuɗin da aka kashe idan babu takardar asibiti. Tsohuwar dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta sauƙaƙa wa mutane a ƙananan haɗurra, inda ta ce ba dole sai da rahoton 'yan sanda ba matuƙar akwai isasshiyar hujjar ɓarnar, amma ta ware inda aka rasa rai ko aka ji mummunan rauni. Karaya tana cikin abin da babu kamfanin da zai duba ba tare da wannan rahoto ba. Idan cikakken rahoton zai ɗauki lokaci, ka nemi na wucin gadi ka miƙa.

Bayan takardu sun cika, kamfani zai turo injiniya ko mai kiyasin asara ya duba keken, ya kwatanta lissafin bakanike da farashin kaya a kasuwa, sannan ya yi tayin adadi. Ba sabon abu ba ne tayin ya gaza lissafin da aka kawo, musamman idan an cusa gyaran tsofaffin matsalolin da ba haɗarin ne ya jawo su ba, kuma ana iya tattaunawa a kansa. Idan an amince, mai karɓa zai sa hannu a takardar sallama, wadda ke nufin ya karɓi haƙƙinsa ba zai sake neman komai ba. Ga majinyaciya, shawarata ita ce kada a yi gaggawar rufe magana kafin likita ya faɗi yadda ƙafar za ta kasance, domin adalci a gare ta shi ne a san ko raunin zai bar mata nakasa. Tsohuwar dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba kamfani kwana 90 daga ba da takardar sallama ya biya, kuma kamfanoni da dama sukan biya ƙananan buƙatu tun kafin nan. Idan aka ƙi biya, ka nemi dalili a rubuce. Idan dalilin bai gamsar da kai ba, ko aka yi ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen ƙorafi da ke karɓar koke daga masu inshora, bayan shi kuma akwai kotu. Idan kuwa kai aka kai ƙara, duk sammacin da ya zo maka ka tura wa kamfani kwafinsa a ranar, saboda jinkirin sanar da su shari'a yana iya sa su ƙi ɗaukar hukuncin da za a yanke.

Ko da yake maganarka ba ta kai nan ba, masu karatu za su so a taɓo inda aka rasa rai. A nan binciken yakan wuce ofishin yanki, a nemi shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha kan ko za a gurfanar da direba, kuma yafewar iyali ba ita kaɗai ke rufe fayil ba. Saboda muna gaggauta jana'iza, a tabbatar an karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti kuma 'yan sanda sun san da sakin gawar, domin nemanta daga baya wahala ne, magada kuma su ne ke yin asara. Hukuncin kisan kuskure na diyya da kaffara yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, kuma yadda za a daidaita shi da abin da kamfani zai biya magana ce da za a zauna da malami masani da lauya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM da ke ba da irin wannan kariya ta mota bisa tsarin Musulunci, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a doka. Haka nan duk direban da ya ga taro na neman afka masa bayan haɗari, ya wuce kai tsaye zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ba da kansa, ya kira 122 na FRSC ko 112 don a kai wa masu rauni ɗauki. Asibiti kuma ba shi da hurumin ƙin karɓar mai rauni don babu takardar 'yan sanda, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da kulawar gaggawa.

Saura mai keken da ke jiran amsarka. Ka same shi da mutunci, domin shi ma abin neman abincinsa ne ke ajiye, wataƙila ma bashin keken bai gama biya ba. Ka gaya masa ba ka janye daga maganar gyara ba, amma kana da inshora kuma kamfanin ne zai turo a duba, saboda haka kada a taɓa keken sai an zo an gani. Ka roƙe shi ya rubuto buƙatarsa a takarda, ya haɗa da kiyasin bakanike da kwafin takardun keken da lasisin direbansa, kuɗin kwanakin da bai yi aiki ba shi ma ya sa a ciki, kamfani ya duba abin da zai iya ɗauka. Idan ka ga jiran zai cutar da shi har ka zaɓi ka ba shi wani abu daga aljihunka, wannan alheri ne, amma ka fara sanar da kamfani, kuma a rubuta shi a gaban jami'in da ke binciken: adadin da aka bayar, abin da aka bayar dominsa, sa hannun mai keken da kansa, da na shaida ɗaya daga kowane ɓangare, zai fi kyau a samu wani shugaban ƙungiyar masu keke na tashar a cikinsu. Kowa ya riƙe kwafi, ɗaya kuma ya shiga fayil ɗin 'yan sanda.